Safiyatu Mai Dakan Furar Jakada

Duk wanda ya san garin Turba kafin ya watse ya san gidan manomin nan Yari. Baƙi kan ce gidan Jakada, saboda Hafizullahi, ɗan gidan da ake gani a talabijin da tabarau da farar hula. Amma Jakada bai kwana a gidan ba tun kansa na baƙi wuluk. Wadda ta kwana ta tashi a ciki, ta yaɓe katangarsa duk bayan damina, yayarsa ce Safiyatu. Ita ba a taɓa ɗaukar hotonta ba sai na katin zaɓe, shi ma ta fito ido rufe.

Ita ta goya shi. Uwarsu ta rasu yana rarrafe, sai goyo ya dawo bayanta, taɓarya ta dawo hannunta, tun ba ta kai tsawon taɓaryar ba. Da anka zo neman yaran boko, ubansu Yari bai yi dogon tunani ba ya miƙa Hafizu, don yaron ba ya tsinana komi a gona. In ka ba shi hauya sai ya sare gero ya bar ciyawa, ya tsaya yana tambayar mi ya sa danginsu na hayin Nijar ke da gwamnati daban alhali tsagar fuskarsu ɗaya. Yari ya ce, "A kai shi can inda ake ciyar da mutum don surutu."

To, akwai wata al'ada a gidajen manoman nan. In alheri ya sami ɗan gida, jama'a kan taru su zo barka, kuma ba a sallamar mai barka da busasshen baki. Fura ake damawa, da geron rumbun gida. Wanda ya sayo gero a kasuwa don furar barka ya yi wa gari shela cewa rumbunsa wofi ne, gidansa ya mutu. Yari ya riƙe wannan kusa da yadda ya riƙe salla, ya bar wa ɗiyarsa shi haka.

Hafizu ya ci jarrabawa ya tafi Sakkwato, Safiyatu ta daka. Ya shiga jami'a, ta daka. Ta auri Marwan, wani manomi mai sanyin hali a bayan masallaci, ta yi 'ya'yanta, amma ranar barka mijin da kansa ke cewa ta tashi ta tafi, tunda babu wata mace a gidan Yari. Hafizu ya buga littafinsa na farko da Turanci, babu wanda ya karanta shi a Turba, amma an zo barka har daga Kamarawa. Littafin ya zauna a kan jeren kwanoninta har gara ta fara karanta shi daga baya. Da anka naɗa shi jakada a wata ƙasa mai suna da ke sarƙe mata harshe, rumbu guda ya tafi a cikin mutane.

Siyasa ce ta fi cin ta. Lokacin Yari da Marwan duk sun riga mu gidan gaskiya, ta dawo gidan ubanta da zama. Motoci sunka cika ƙofar gida, samari da hotunan Hafizu a ƙirji suna ihu suna neman ƙari. Ya ci kujera, an zo barka. Ya faɗi zaɓe na gaba, an zo jaje, masu jajen ma ba su ƙi fura ba. Da anka ba shi minista ya ajiye da kansa, wai bai yarda da abin da ake yi ba, mutane sunka rasa ko barka ce ko jaje, sai sunka zo dai sunka sha.

Kada a ce Hafizu mugu ne. Ya kai ta Makka. Ya ɗauke ta zuwa Abuja, ita ce ta tattara ta dawo, ta ce gida ne da ba a jin sallamar kowa. Yana aiko da abinci da sutura. Abin da bai sani ba shi ne daka, don ranar da ake barkarsa shi yana wata duniya, kuma ita ba ta taɓa buɗe baki ba. In ya bugo waya maganarsu ba ta canzawa.

"Yaya, an zo?"

"An zo."

"An sha?"

"An sha."

Sai ya yi dariya, ya sa mata albarka kamar shi ne babba. Ita kuwa ta ajiye waya ta nemi man zafi ta shafa a kafaɗa.

Daga nan 'yan bindiga sunka shigo rayuwar mutane. Farko shanu, sannan hanya, sannan gonaki, har ranar da anka kwashi yara da tsofaffi anka bar Turba da rana tsaka, hayaƙin rumbuna na bin su a baya. Wasu sun ɗauki tabarma, wasu akuya. Safiyatu ta bar turminta da kwanonin aurenta, ta ɗora jarka guda a ka. Irin gero ne a ciki, gauraye da toka don kada ƙwari su ci. Irin Yari ne, wanda shi ma ya gada, kuma kowace kaka ita ke shiga gona kafin girbi ta zaɓi zangarniya mafi cika da hannunta.

A garin Isa sunka sauka, ita da ɗiyarta Zakiyya, wadda mijinta ya tafi kudu neman abin yi. Malam Ibrahima, mai makarantar Islamiyya, ya ba su ɗaki a bayan makarantarsa. Taubashin Safiyatu ne, ɗan kawunta, don haka tun suna yara ba sa haɗuwa sai da tsiya. Damina ta farko ta wuce babu shuka, jarka na ƙarƙashin gado. Safiyatu ta san iri ba ya jira har abada, in ya sake tsallake wata damina zai mutu a zaune. Malam ya ara mata wata 'yar gona a gefen gari, inda ake iya jin kiran salla. Ta share ta, ta ƙone kararen, tana jiran ruwa. Hadari ya fara haɗuwa yana watsewa.

A cikin wannan jiran ne, wata Alhamis da la'asar, Malam Ibrahima ya yi sallama yana jan carbi yana murmushi.

"Uwar daka, tashi ki nemi taɓarya. Ƙanenki ya sake jawo miki."

"Mi yay yi kuma? Ba ya tsufa ya zauna wuri ɗaya?"

"Lambar yabo anka ba shi. Can ƙasar sanyi. Wai ya hi kowa tunanin yadda duniya za ta zauna lahiya."

"Duniya?" Ta dube shi. "Turba hwa?"

"Ke dai ba ki da godiya. Gobe bayan Juma'a mutanenku na zuwa barka. Har na Gangara sun ce a gaya miki. Ni ko na hasa cin tuwon rana don in bar wuri."

"Ai kai tun kana yaro cikinka ya hi allonka hwaɗi."

Ya tafi yana dariya. Ita ba ta yi ba.

Zakiyya, wadda ke koyarwa a makarantar Malam kuma tana jin Turanci, ta zo ta zauna kusa da ita da waya. Ga Hafizu a kan mumbari, ya yi furfura fat, Turawa na tafi. Zakiyya ta riƙa fassara mata. Wai ya ce duk abin da ya rubuta game da kan iyaka da zaman ƙasashe, a gidansu ya koye shi, inda ake ajiye ƙwarya guda a tsakar gida, ludayi na zagayawa, ba a tambayar baƙo daga wace ƙasa yake kafin ya sha. Wai duniya ƙwarya guda ce.

Zakiyya ta kashe wayar da ƙarfi. "Kin ji ko, Inna? Ƙwarya. Bai ce turmi ba. Kamar hurar daga sama take saukowa a dame."

"Kawunki na. Ki iya bakinki."

"Na iya. Da mi za a dama ta gobe?"

Idon Safiyatu ya tafi ƙarƙashin gado, kuma Zakiyya ta gani.

"A'a. Wallahi a'a, Inna. Ga shinkahwar da Kawu ya aiko, in dahwa musu."

"Barka da shinkahwa? Suna muke yi?"

"To in tahi kasuwa da sahe in auno gero."

"In sayo gero in gaya wa duniya rumbun Yari ya mutu?"

"Inna, rumbun Yari ya ƙone! Kowa ya ga hayaƙi! Waɗanda za su zo goben tare munka gudo da su!"

"Sun ga hayaƙi. Ba su ji daga bakina ba."

Zakiyya ta miƙe. "Ni dai hannuna ba ya taɓa taɓarya. In kin daka wanga gero, kin daka gonarki, kin daka komawa gida. Kuma kahin la'asar sun tuttular da shi a bayan gida."

Magana ce marar ladabi, kuma Safiyatu ta rasa inda za ta kama ta ta ce ƙarya ce.

Da safiyar Juma'a ta aro turmi a maƙwabta. Ta jawo jarka, ta buɗe, ta zuba a faifai. Ta yi ta bakace, toka na tashi tana sauka a zanenta, har ƙwayar ta fito fes, manya-manya, masu ruwan ƙasa. Ta zuba a turmi. Ta ɗebo ruwa a moɗa. Duk macen da ta taɓa surfe ta san abin da ya rage: ruwa ya taɓa shi, taɓarya ta sauka, ya tashi daga iri ya koma abinci. Zakiyya na bakin ƙofa ta juya mata baya tana wanki, tana dirzar riga kamar rigar ce ta yi laifi.

Safiyatu ta tsaya da moɗa a hannu. Kafaɗarta ta dama na zogi tun kafin ta ɗaga komi. Sai wayar Zakiyya ta yi ƙara.

"Kawu na," in ji Zakiyya, ta miƙa ba ta dube ta ba.

Muryarsa ta zo da nisa, tana yankewa. Shi ma muryar ta tsufa.

"Yaya, kin ji labari?"

"Na ji. Allah shi sanya alheri."

"Amin. Yaya, na gaji wallahi. Sun ba ni lamba don zaman lahiyar duniya, ni ko ba ni iya zuwa kabarin Baba. Na rubuta, na yi magana har murya ta dishe, ba wanda ya ji." Ya yi tari. "Amma na gaya musu geron Baba na nan hannunki, bana za a shuka shi. Muddin ana shuka shi, ina da gida. Yana nan ko?"

Ta dubi cikin turmi. "Yana nan."

"Alhamdu lillahi. Kuma na ji mutane za su zo. A dama musu mai kyau, Yaya, kamar yadda anka saba. Kada a ce gidan Yari ya canza."

Ta ci gaba da kallon geron har ya ce, "Yaya? Kina ji na?"

"Hahizu, ɗaya za ka samu."

"Mi kika ce? Layin ba ya..."

Wayar ta yanke. Ta tsaya tana kallon ta. Mutumin da anka ba lamba don tunanin duniya bai san geron da yake so a shuka da wanda yake so a sha duk guda ne ba, kuma ita ce ba ta taɓa gaya masa ba. Tun tana yarinya take tare wa gidan nan kunya da kafaɗarta, har ta manta ana iya ajiyewa. Ta nemi fushi a ranta ba ta samu ba. Gajiya ce kawai, wadda ta sauka har tafin ƙafa.

Ta ɗaga moɗar ta shanye ruwan.

"Zakiyya. Ɗebo min toka mai sanyi a murhu."

Zakiyya ta saki rigar cikin kumfa ta ruga.

Bayan an sauko Juma'a sunka fara shigowa. Tsofaffin Turba da rigunan da anka ba su sadaka, mata da goyo, mutanen Gangara, da wasu samarin siyasa da ba su taɓa ganin Jakada ba sai a hoto. An shimfiɗa tabarmin makaranta a inuwar dogonyaro. Malam Ibrahima ya zauna a gaba ya naɗe hannun riga.

Safiyatu ta fito da babbar ƙwarya da ludayi, ta dire a tsakiya. Malam ya leƙa, ya sake leƙawa.

"Uwar daka, wagga hura ta yi ruwa da yawa. Har ina ganin gemuna a ciki."

"Ruwa na, Malam. Na randa, mai sanyi."

Kowa ya juyo yana kallon ta. Ta tsaya a tsaye, hannu a ƙugu don bayanta.

"Jama'a, na gode da zuwa. Allah shi bar zumunci. Hura babu. Rumbun Yari ya ƙone, kun gani, yau kun ji daga bakina. Geron da ya rage iri na, kuma ƙasa za ni ba shi. Wanda ya ji haushi shi yi haƙuri."

Ba kowa ya yi haƙurin ba. Wani dattijo da ya sha furar gidan tun zamanin Yari ya miƙe ya kaɗe riga, ya ce da mai gidan na raye da ba a yi haka ba, ya fita bai yi addu'a ba. Wata mata ta ce a hankali, amma don a ji, ai ɗan'uwan yana can yana cin duniya da cokali an bar baƙi da ruwa. Samarin siyasa sunka yi dariya, ɗaya ya ɗaga waya yana ɗaukar ƙwaryar. Zakiyya ta yi kansa, sai da uwarta ta riƙe mata mayafi.

Malam Ibrahima ya ɗauki ludayi, ya cika, ya yi bisimilla ya sha har ƙasa. Ya goge baki.

"Tun da nike, ban taɓa shan hurar da ba ta da tsaki kamar wagga ba. Sai dai kin cuce ni tuwon rana." Ya miƙa ludayin ga na kusa da shi. "Sha ka miƙa. A yi wa Jakada addu'a, a yi wa iri addu'a."

Ludayi ya zagaya. Wasu sun sha, wasu sun miƙa shi gaba ba su kai baki ba. An yi fatiha gajera, kafin la'asar wuri ya watse. Kafin magariba hoton ƙwaryar ya zagaya wayoyin Isa da rubutu a ƙasansa, wai ga barkar Jakada. Sunan da ta kwashe rayuwarta tana riƙe wa gidan ya tafi a yini guda, kuma ta ji zafinsa, ba ta ɓoye wa kanta ba. Kwanakin da sunka biyo baya ko rijiya ba ta je ba. Amma a karon farko tun tana yarinya, an yi barkar Hafizu ta wuce ba ta nemi man zafi ba.

Ruwa ya sauka a farkon mako, mai ƙarfi, har ƙasa ta jiƙe tsawon hannu. Da gari ya waye ta ɗauki jarka, Zakiyya ta ɗauki sungumi. Zakiyya na gaba tana sara, ita tana baya tana jefa ƙwaya tana rufewa da diddige, a hankali, don gwiwa ba ta yarda da sauri. Daga nesa, wajen daji, an ji ƙarar babura. Duk waɗanda ke gonakin gefe sunka tsaya cak, sai da ƙarar ta yi nisa kowa ya sunkuya ya ci gaba. Babu wanda ya san ko za a bar su su girbe.

Suna tsakiyar gona wayar ta yi ƙara. Zakiyya ta sa mata a kunne, don hannunta duk toka ne.

"Yaya, ranar nan layi ya yanke. An zo?"

"An zo."

"An sha?"

"An sha ruwa."

Wataƙila hoton ya kai masa, wataƙila bai kai ba. Da ya sake magana muryarsa ta yi ƙasa, kamar ta yaron da ya sare gero ya bar ciyawa.

"Yaya, kina ina yanzu?"

"Ina gona. In kana da magana ka kira bayan azahar, ƙasa na bushewa."

Ta kau da kai daga wayar, ta zura hannu cikin jarka. Saura kunya mai yawa a gaba da ba a shuka ba.